Gumbar da Akuya Ta Cinye

Daga Kusada, zuwa ga Baban Ɗanjuma, a masaukinsa na Kankiya.

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da yaran nan biyu, tun motar Kano ba ta tashi da ku ba. Allah Ya tsare hanya, Ya tsare mota, Ya tsare jirgin ƙasan da aka ce za ku hau zuwa Jos. Kawunka Malam Iro ne ke rubutawa, ni nake faɗa. Na ce mashi kada ya gyara mani magana, kada ya sassauta ta, yadda ta fito haka zai zuba ta. Tunda ka iya ajami, ka karanta da kanka, kada ka miƙa wa wani.

Gaisuwa ta ƙare nan, don raina a ɓace yake. Na tafi Yashe gaisuwar mutuwa, na dawo na iske ɗaki wayam, tabarmar yara a naɗe, ɗan akushin Binta a kife. A bakin maƙwabta na ji wai ka samu aikin gini a barikin masu haƙar kuza, ka kwashi yara ka yi gaba ba sallama, don kada in yi maka kuka. Wai ka ce idona ya yi hazo, ƙafata ba ta kai ni rijiya, ba zan iya da yara biyu ba. Ban ce ƙarya ka yi ba. Zanen da wuta ta ci mani a bakin murhu da damina yana nan, ban ɓoye shi ba. Amma ka rasa lokacin tafiya sai ranar da na ba da baya? Kawun naka ma da saninsa aka yi, ga shi nan ya sunkuyar da kai yana gyaran alƙalamin da bai lalace ba.

To, 'ya'yanka ne. Uwarsu ta riga mu gidan gaskiya, ni kuma ba ni da ƙarfin tare mota. Abin da ya tsaya mani a rai ɗaya ne: wa zai ba Binta abinci?

Ɗanjuma ba na jin sa. Wannan ko a tsakiyar kasuwa ka yar da shi, zai fito da ƙosai cike da kumatu. Binta nake ji. Tun rasuwar uwarta yarinyar nan ba ta buɗe baki ta ce tana jin yunwa. In an ajiye kwano sai ta koma gefe ta bar wa ƙanenta, in ya gama ta suɗe abin da ya saura ta ce ta ƙoshi. Sai an kira ta da sunanta, an zaunar da ita, an sa mata a hannu, an tsaya a kanta, sannan take ci. Ni nake wannan aikin tun bara. Kai kuwa ko sunanta ba ka faɗa, don ita ce 'yar fari, kana kunyarta. "Waccan" kake ce mata. Har mutanen gari ka sa suna kiranka Baban Ɗanjuma, kamar ita tsintar ta aka yi a hanyar Tafashiya.

Kawunka ya ce ya tambaye ka wa zai riƙa dafa maku, sai ka ce mashi: "Haba Kawu, ai akwai masu tuwon saidawa a bariki. Ni da girmana in tsugunna gaban murhu, a yi mani dariya?" Wannan maganar ta fi tafiyar taka ƙona mani rai. Ashe ba maza ne ke dafa wa Nasara abinci ba? Wanda ya biyo Joji, Baturen mulki, rangadi da rani ai na gan shi da idona, hazon bai hana ni ba. Ƙato da gemu, da farar riga, yana yanka albasa, ana ce mashi Kuku, yana taƙama mutane na kauce mashi. Namiji ya dafa wa Bature a ce ya samu aiki, ya dafa wa ɗiyarsa marainiya a ce abin kunya ne? Mai tuwon sayarwa kuma ba za ta san wadda ta ci da wadda ta zauna tana kallo ba. In Allah Ya kawo aure ka yi, ban hana ba, amma cikin yarinya ba zai jira ɗaurin aure ba.

Don haka ga ƙunshi nan na ba mai jakin da zai kawo takardar. Akwai garin ɗan wake, na riga na haɗa shi da kuka. Akwai tsakin dawa, da surfaffen gero, da daddawa, da kanwa, da riɗi, da mazarƙwaila, da 'yar tukunya, da akushin Binta da ka bari a kife. Abin da zan koya maka ba tuwo ba ne, ban yarda da kai da muciya ba tukuna. Abubuwa ne masu sauƙi da za ka yi in ka taso daga aiki da la'asar, kafin magariba yara sun ci.

Ka fara da ɗan wake, shi ne mafi sauƙi, kuma yara na son sa. Ka ɗora ruwa a wuta. Kafin ya tafasa ka jiƙa kanwa a ɗan ƙoƙo, ka tsiyaye ruwanta a kan garin, ka ƙara ruwa kaɗan-kaɗan kana kwaɓawa har ya yi danƙo, in ka ɗaga yana bin hannu. Kada ka ce mani ba ka iya kwaɓi ba. Hannun da ke cuɗa ƙasa da ciyawa ya fitar da tubali ba zai kasa kwaɓa gari ba. In ruwa ya tafasa ka riƙa gutsura kana jefawa, ƙanana-ƙanana, daidai bakin yaro, ba irin lomar da kake yi ba. Zai nutse, in ya nuna zai taso sama da kansa. Ka bar shi ya ɗan ƙara, in kumfa ta taso ka yayyafa ruwan sanyi. Ka tsame cikin ruwan sanyi, ka tsane, ka zuba man gyaɗa da ɗan gishiri. Shi ke nan, an gama.

Sai dai ka kula da kanwa. Ina amarya a gidan ubanka, Allah Ya jiƙansa, ranar da aka fara ba ni girki na so in burge, na ga kanwa na sa ɗan wake laushi, sai na danƙara ta da hannu biyu. Ya fito baƙi wuluk, yana ɗaci. Aka daure aka ci don kara. Washegari ba wanda ya je gona a gidan nan, kowa na hanyar bayan gida da buta. Kakarka Iya Kulu ta leƙo ɗakina tana riƙe da ciki ta ce: "Ke ɗiyag ga, ɗan wake kika yi mamu, ko kuwa dawaki kika ɗauke mu?" Har na haife ka ana yi mani waƙa da wannan ɗan waken. To manya ne, suka sha wuya suka tashi. Cikin Binta ba zai ɗauki rabin wannan ba. Kanwa kamar ƙwayar gujiya ta ishe ku ku uku.

Ranar da aka gaji da ɗan wake ka yi fate. Ruwa a tukunya, daddawa, gishiri, albasa in akwai, ɗan man gyaɗa. Ka fere kabewa ka yanka ka zuba, na ji an ce tana yi a can. In ta fara laushi ka wanke tsaki ka zuba kana motsawa, don kada ya dunƙule ko ya kama ƙasan tukunya. In ya kusa nuna ka watsa ganyen yakuwa ko alayyafo. Kabewar ce sirrin, ita ke sa shi zaƙi-zaƙi, Binta har tsintar ta take yi da yatsa. Ka zuba masu a faffaɗan kwano ka fifita da faifai ya huce, don Ɗanjuma ba ya jira, zai ƙona harshe ya cika bariki da ihu.

Barkono kuwa kada ya shiga tukunya. Ka ajiye yajinka a gefe ka barbaɗa a naka. Nan ma na yi wauta. Ubanka mutum ne mai son yaji, in bai yi gumi ba bai ci abinci ba, ni kuma don a ce na iya sai na riƙa dafa wa harshensa, ban dafa wa na yara ba. Kana ɗan ƙarami ka kai loma baki, idonka ya kawo ruwa, ka ajiye, ka tashi. Ina gani. Na kau da kai kamar ban gani ba, don kada matan gida su ce na damu da ɗan fari. Iya Kulu ce ke jan ka ɗakinta ta dama maka fura. Ka dafa wa mafi ƙanƙanta a gida, babba ya gyara nasa da hannunsa.

Kuma ka ji ni da kyau: kada ka ce ai Binta mace ce, ita za ta dafa. Na san halin maza. Yarinyar da haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba, ba ta kai ta sauke tukunyar tafasasshen ruwa ba. Ta tsince ganye, ta miƙo maka ludayi, ta zauna kusa tana kallo, wannan ya isa. In na ji labarin ƙuna a jikin yarinyar nan, wallahi ko da rarrafe sai na zo Jos ɗin.

Yanzu sai gumba, ita ce dalilin takardar nan, ka bar abin da kake yi ka saurara.

Kana da kamar shekarun Binta Iya Kulu ta rasu. Shekarar kuma fara ta sauka ta cinye gero tun yana tsaye, abinci ya yi wuya. Gidanmu babban gida ne lokacin, ku da 'ya'yan baffanninka akushi ɗaya ake zuba maku. Kai ba ka da saurin hannu, ba ka da kokawa, kafin ka kai loma biyu an share. Da can kakarka ce ke cike maka gurbin. Ta tafi, ni kuma na ci gaba da kunyata kamar tana nan. Ina kallo kana ramewa. Ba zan iya kiran ka ba, tunda ban taɓa faɗin sunanka ba, ba zan iya ja ka ɗaki in ba ka a hannu ba, kada a ce ba ni da ta ido. Sai na yi dabara, ina ganin na yi wayo. Na riƙa ɓoye ɗan gero daga rabona, in daka gumba, in kai bayan rumbu in ajiye a kan dutse, wajen da kake zama kai kaɗai da hantsi. In zan wuce sai in ce da iska, "Wanda duk ya tsinci abu a bayan rumbu nasa ne." In koma da azahar in ga ƙoƙo fes, in ji daɗi a raina, in ce yaron nan ya ci.

Haka muka daɗe, kai kuma ba ka ƙaru da komai ba. Gashinka ya yi ja, ciki ya fito, wuya ya zama kamar kara. Ina ta mamaki, har na fara zargin maita. Ran nan Hurera mai nono, wata Bafillatana da ke kawo mana nono daga rugarsu ta wajen Dudunni, ta zagaya bayan rumbu neman inuwa. Sai na ji tana salati. Na fito na iske ka kwance a ƙasa ba ka iya ɗaga kai, ga akuyar baffanka a tsaye a kan dutse, bakinta fari fat da gumba. Ta yi ƙiba har tana sheƙi. Ashe kullum ina juya baya take zuwa, kai kuma ko ka gani ba ka taɓawa, don ba wanda ya ce naka ne, kuma an hore ka kada ka ɗauki abin da ba a ba ka ba.

Hurera ta sauke ƙwaryarta ta ɗura maka nono, sannan ta juyo kaina. Ta ce: "Wa ke da yaron ga?" Na kau da kai. Ta ce: "Au, naki ne na hwari ke nan. Mu ma muna kunyar ɗan hwari, mun ma hi ku. Amma mu in mun kau da kai, akwai kaka a tsaye da ƙwarya. Ke da kika kau da kai, wa kika bar ma shi? Akuya?" Ban taɓa jin maganar da ta shige ni irin wannan ba.

Daga ranar na riƙa sa maka gumba a hannu. Amma ka san me? Ina ba ka, fuskata na kallon danga, bakina a rufe. Allah Ya tashi kafaɗunka, ka rayu, ka girma. Sai dai har yau in kana cin abinci kana kare kwano da hannun hagu, kana sauri, ko kai kaɗai ne a ɗaki. Kai ba ka san kana yi ba. Ni na sani, kuma na san inda ka samo shi.

To me na gani ran kasuwa, kafin tafiyata Yashe? Ka shigo da ƙosai a ganye, ka dire a tsakar gida, ka ce da iska, "A ba yara," ka juya ka fita kana jin ka yi abin kirki. Ɗanjuma ya hau kai. Binta na bakin ƙofa tana kallon bayanka. Na san don ita ka saya, don ita ce mai son ƙosai. Ni ma don kai nake daka gumbar. Me ta amfana maka? Wautar da na yi ina yarinya, ita ce ka ɗauka da gemunka za ka kai ta wata ƙasa. Nan gida kunyarka ba ta kashe kowa, don ina nan, ina kiran yarinya in ba ta. A barikin Jos babu kaka, babu gwaggo, babu Hurera da za ta zagayo neman inuwa. Kai kaɗai ne. In ka kau da kai, ba wani ido a kanta.

Ga yadda ake gumbar. Ka wanke surfaffen gero ka jiƙa shi ya ɗan yi laushi, ka tsane. Ka ari turmi, ba a rasa turmi inda Hausawa suke. Ka daka da 'yar citta kaɗan, in ya yi gari-gari ka fasa mazarƙwaila ka jefa, ka yayyafa ruwa, ka ci gaba da kirɓawa har ya haɗe jikinsa. Ba wuta, ba tukunya, ba abin da zai sa maza su gan ka gaban murhu, tunda abin da ke damunka ke nan. Ka bar Binta ta mulmula da hannunta, tana son wannan, tana yin su ƙanana ta jera. In an samu nono ku dama, in ba a samu ba a ci haka bayan abincin dare. Na Ɗanjuma daban, nata daban, kowa a hannunsa.

Ran Juma'a ko ranar da ba aiki ka yi masu kantun riɗi. Ka soya riɗi a busasshiyar tukunya kana juyawa, da ya fara tsalle yana ƙamshi ka sauke, in ka tsaya surutu zai ƙone ya yi ɗaci. Ka narka mazarƙwaila da ɗan ruwa har ta yi kauri tana zare, ka juye riɗin ciki ka gauraya, ka shafa mai a bayan kwano ka baza, ka yanka tun da ɗumi. Ka kore su daga wajen sai ya huce, don narkakkiyar mazarƙwaila ta fi wuta mugunta. Kankarar tukunya kuma ta Binta ce, haka muke yi da ita, kada ka bari ƙanenta ya ƙwace.

Duk wannan da na lissafa, gari da riɗi da kabewa, in ka dafa ka dire ka ce "a ba yara," ka yi aikin banza, gara ka zuba wa akuya da hannunka. Ka zauna a tabarma, ka ɗauki akushinta, ka kira ta yadda liman ya raɗa mata, ka ce ta zo ta ci. Ka dube ta tana ci. In ta ce ta ƙoshi ka ce ƙarya ne, ka ƙara mata. In abokan aikinka sun yi dariya su yi, ba su ne za su ɗauke ta zuwa makabarta ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Inna da ke faɗin wannan, ita ta taɓa kiran nawa? Gaskiyarka. Ka yi aure, ka haihu, furfura ta fara leƙo maka, ban taɓa ba. "Kai" nake cewa, ko "yaron nan," da ka girma na laɓe bayan Ɗanjuma. Yanzun nan na ce da kawunka ya rubuta shi. Ya ɗaga alƙalami ya dube ni, ya ce: "Yaya, mi kika ce? In rubuta da kaina dai, ba sai kin hwaɗi ba." Na ce a'a, sai ya ji daga bakina tukuna, ya zama shaida.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya sauke ku lafiya. Allah Ya tsare ka daga faɗowa a kan gini, Ya tsare yaran nan daga sanyin ƙasar da ramukan kuza. Allah Ya sa albarka a tukunyarka ko da ta ƙone ran farko. Ka gaishe da Ɗanjuma, ka ce ya rage haɗama. Ka ce da Binta akushinta ya biyo ta. Fushina bai huce ba, amma na yafe maka tafiyar da ba sallama. Ramar yarinyar nan ce ba zan yafe ba.

Haruna. Haruna ɗana.

Ga shi na faɗa, da rana tsaka, kawunka na ji, maƙwabciya na ji ta kan danga. Rufin ɗaki bai faɗo ba, harshena bai tsinke ba. Abin da kawai ya same ni, na ji haushin shekarun da na ɓata. Kada ka jira ka kai shekaruna. Kafin ku hau motar nan, Haruna, ka kwance ƙunshin, akwai gumba a sama da na daka da asuba. Ka kira Binta ka sa mata a hannu.

Ni ce uwarka.